Ɗan aiken da ban san wanda ya ɗauke shi ba

Duk wanda ya aiki yaro kasuwa ba ya tsayawa bakin ƙofa yana jiransa; yakan ci gaba da aikinsa har yaron ya yi sallama. Haka ake son manhaja ta yi idan ta aika tambaya ga wata na'ura ta intanet. In ta tsaya jiran amsa, allo ya ƙame, mai aiki ya zaci na'urarsa ta mutu.

Shekarun baya na rubuta wa wani ɗan kasuwa a Maraɗi manhajar da ke tambayo farashin kaya daga Yamai. Layin sadarwa ba ƙarfi, amsa takan daɗe. Sai na sa Visual Studio ya karanta takardar WSDL, wadda ke bayyana abin da na'urar can ke karɓa, ya rubuta mini ɗan aiken. Ban ko duba abin da ya rubuta ba.

Ashe salon aiken ya sha sakewa. A 2002 kira biyu ake yi: Begin ya tura saƙo, End ya karɓo amsa. A 2005 aka kawo salon da amsa ke sanar da isowarta da kanta. A 2012 kuma async da await suka shigo, aka koma rubuta aike tamkar alkawarin da za a cika nan gaba.

Ana gobe za mu miƙa gyara, yaron aikina ya sake fitar da rubutun a sabuwar na'urarsa. Nan take sunayen da manhajata ke kira suka ɓace, komi ya tsaya. Na hau shi da faɗa. Ya ce: «Maigida, ina ka rubuta zubin da ka yi aiki da shi?» Na yi shiru, don ban rubuta ba. Muka kwana muna gyara, ga albashin mutum uku rataye a kan wannan kwangila.

Tun ranar nakan rubuta zubin kayan aikin da zaɓin da na yi a gefen kowane aiki. Rubutun da na'ura ta fitar kuwa ba na taɓa shi da hannu. Nakan killace shi wuri guda, yadda in ya sake kama, wuri guda zan gyara. Da asuba na nemi gafarar yaron nan, kuma shi ne ke riƙe da littafin har yau.