Katin Barka da Sallah da na sassaƙa da tsohon takalmi

Ni mutumin ƙasar Dakoro ne, daga wani ƙauye kusa da kwarin Tarka. Ina noman hatsi da wake, ina kiwo kaɗan. Zan ba ku labarin wata ƴar takarda da na yi da hannuna, da abin da ya sa na yi ta. A ciki kuma za ku ga yadda ake yin irinta, ko wani zai so ya gwada.

Na shiga makarantar yaƙi da jahilci da ranin 1978. A lokacin ina da mata da ɗiya biyu. Da dare muke karatu, da fitilar ƙwai guda, mu wajen ashirin bisa tabarma. Gwamnatin Nijar ta fara wannan aiki tun 1963, amma sai a shekarar nan ya iso ƙauyenmu. Ƙanena bai shiga ba. Ya ce shi karatunsa yana bayan shanu.

Wata rana na ga wani kwali mai launi a cikin littafin mushenmu. An zana furanni, an yi rubutun Faransanci. Ya ce kati ne, abokinsa ya aiko masa daga Yamai don gaisuwar sabuwar shekara. Na juya shi gaba da baya. Na ce a raina, wannan aikin masu albashi ne. Na manta da shi har shekara takwas.

Tsofaffi cikinku sun san 1984. Damina ta ƙi. Hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Mu nan muna kiran shekarar El Buhari, don a watan Afrilu na shekarar Janar Buhari ya rufe iyakar Nijeriya, hatsin kudu ya daina shigowa yadda aka saba. Mahaifinmu ya rasu kafin nan, ya bar mana shanu tara, ni da ƙanena. Ba mu raba ba. Kafin sanyi ya fita, takwas sun mutu. Saura jar saniya guda, wadda baba ya fi so.

Ƙanena ya tafi neman harawa, tafiyar kwana uku. Ni kuwa ina gida, yara suna kuka, rumbu babu ko zangarniya. Na kwance saniyar, na ja ta zuwa kasuwar Dakoro. Kuɗin da aka ba ni bai cika buhun hatsi guda ba. Ban jira shi ba, ban aika masa ba. Har yau ina ganin sayarwar ta zama dole. Rashin shawarar shi ne laifina, don rabin saniyar nan tasa ce.

Da ya dawo da damin harawa bisa kai, ya tarar da turke babu kome. Ya ajiye damin a hankali. Ya ce: "Yaya, ko gawarta ce, da ka jira ni." Bai ƙara ko kalma ba. Da asuba ya bi hanyar daji ya yi kudu.

Shekara ɗaya da rabi babu labarinsa. Inna ta daina ambaton sunansa gabana, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. A watan Maris na 1986 aka buɗe iyaka. Wani ɗan kasuwar garinmu mai zuwa Kano ta Maradi da Ɗan Isa da Jibiya ya ce ya gan shi a Fage yana ga-ruwa. Ya ce lafiyarsa lau, amma bai tambayi kowa ba.

To, na iya rubutu, sai in yi masa wasiƙa. Na fara har sau uku ina yagewa. Ga dalili. Shi ba ya karatu. Dole ya kai wa wani baƙo ya karanta masa, baƙon ya ji cewa yayansa ya sayar da saniyar gado a ɓoye. Zancen gida bai kamata ya fita ta bakin wani ba. Ina son saƙon da zai karanta da kansa, shi kaɗai.

Ana cikin azumi, ga zafin bazara, sai katin mushe ya faɗo mini a rai. Akwai rubutu guda da ƙanena ya iya tun yana yaro: shaidar da baba yake yi wa shanunsa da lalas. Layi uku ne da suka haɗu kamar sawun kaza, da ɗigo guda ta hannun dama. Kowane makiyayi ya san shaidar gidansu ko cikin shanu dubu. Na ce ita zan buga masa.

Na taɓa ganin wani mai sassaƙa hatimi a bakin babbar kasuwar Maradi, yana yi wa ƴan kasuwa irin wanda ake bugawa a takardun ofis. Roba ce da ɗan icce. Ni ma ina da roba: tsohon takalmin soso na matata wanda igiyarsa ta tsinke. Na wanke shi, na yanko inda bai cinye ba, wajen tsakiya. Na sayi reza sabuwa. Na zana shaidar baba bisa robar da fensir, na rubuta gaisuwa a ƙasa. A zamanin da muka yi karatu, in sauti ya yi tsawo wasali biyu ake sawa. Saboda haka "Barkaa da Sallaa" na rubuta. Haruffa biyu na ƙara wa kaina aiki.

Kwana huɗu ina yanka. Na yanke yatsa sau biyu. Na shafa tawada, na danna bisa takarda, na ɗaga. Rubutu ya fito a juye, kamar jaki ya ba ka baya. Wannan bai dame ni sosai ba, tunda ba karantawa zai yi ba. Na kai wa inna ta gani. Ta duba, ta duba, ta ce: "Kai, wannan ai ba shaidar ubanku ba ce." Ɗigon ya koma hagu. Sawun kaza mai ɗigo a hagu kuwa shaidar wani gida ce, waɗanda baba ya yi shekaru yana rigimar rijiya da su. Da na aika da wannan, da ƙanena ya ce ba'a nake masa.

Ga abin da na koya, ku riƙe shi. Duk abin da ke dama bisa hatimi, hagu zai fito a takarda. Hanya mai sauƙi ita ce ka rubuta abinka daidai bisa farar takarda, ka danna fensir ƙwarai ya yi baƙi. Sai ka kifa takardar bisa robar, ka goga bayanta da farce. Rubutun zai hau robar a juye. Shi za ka bi. Kada ka yanke harafin, gefensa za ka cire, harafin ya tsaya kamar kunya a gona. Ka karkata rezar waje, gindin harafin ya fi samansa faɗi, don kada ya karye. In ka gama, ka manna robar a ɗan guntun icce mai baki ɗaya, ka sami abin riƙewa. In kana shakka, ka nuna hatimin ga madubin matarka. Yadda ka gan shi cikin madubi, haka zai fito.

Na ɗauko ɗaya ƙafar takalmin, na sake daga farko.

Sai zancen launi. Ban sayi ko ɗaya ba, sai shuni na dala biyu. Ja, karan dafi ne, wanda dukawa suke rina fata da shi: ka jiƙa ɓawon karan a ruwa kaɗan da ɗan gutsuren kanwa. Rawaya, gangamau ne da aka daka. Shi kuwa kada kanwa ta taɓa shi, don nan take zai koma ja. Shuni da gangamau in sun haɗu suna ba da kore. Na gwada ruwan zoɓorodo ma. Yana da kyau ranar farko, amma bayan ƴan kwanaki sai ya dushe ya koma toka-toka. Ban ba ku shawararsa ba.

Sirrin duka shi ne ƙaro. Ka jiƙa ɗan ƙaron dakwara ya narke, ka ɗiga cikin kowane launi. Shi ke riƙe launi a jikin takarda, in ya bushe ba ya kakkaɓewa. Almajirai sun san wannan tun da daɗewa, da shi suke haɗa tawada, da shi ake zayyanar allo ranar sauka. Jikana da ke lakkwal ya gaya mini cewa fentin ruwa da ake sayarwa cikin ƴan akwatuna, wanda Turawa suke zane da shi, shi ma da ƙaro ake haɗa shi. Ashe abin da awakinmu ke tsayawa ƙarƙashinsa ne ake kai musu. Shi ne kuma ya karanta mini cewa katin gaisuwar Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, a birnin Landan aka yi shi a 1843. Wani mai suna Henry Cole ya sa aka buga guda 1,000, kuma da hannu aka bi kowanne aka sa masa launi. Na ce to, ashe ba ni kaɗai na sha wannan wahala ba.

Abin shafawa, na yanko gashin wutsiyar akuya, na cusa cikin bututun gashin zabo, na ɗaure da zare. Takarda kuwa, kwalin sukari ne na buɗe, na manna farar takardar kaye a kansa, na ninka biyu.

Nan ma na yi kuskure na biyu. Na buga hatimi, sannan na bi da launi. Tawadar allo don a wanke ta aka yi ta. Da ruwa ya taɓa ta, sai ta narke, kati ya koma kamar gindin tukunya. Launi ake fara sawa. Ka bar shi ya bushe sarai a inuwa, ka danne shi ƙarƙashin tabarma don kada ya lanƙwashe. Hatimi shi ne na ƙarshe. Kuma kada ka tsoma shi cikin tawada. Ka ninka tsumma cikin gwangwanin sardin, ka jiƙa shi da tawada, ka riƙa dangwala hatimin a kai. Ka danna sau ɗaya, kada ka murza.

Kati na bakwai ne ya yi. Sama shuɗiya, ƙasa kore, ko da yake a lokacin babu koren abu ko ɗaya a ƙasar Dakoro. A tsakiya jar saniya, na zana ta da hannu iyakar iyawata. A cinyarta na buga shaidar baba, ɗigo a dama. Hatimin ya fi cinyar girma, gaisuwar ta sauka har bisa ciyawa. Na bar shi haka. Sallar azumi ta faɗo a watan Yuni a shekarar. Saura kwana shida na ba ɗan kasuwar nan katin cikin leda. Na ce ya sa a hannunsa, kada ya ce kome.

Sallah ta wuce. Aka yi shuka, aka yi noman fari. Layya ta wuce. Ni dai ina sauraren kukan mota. Sai wajen kaka mutumin ya zo ƙofar gidana da ƙunshi. Goro ne ashirin na inna. Ni kuwa igiya ce sabuwa, irin ta ɗaure saniya. Na ce: "Alhaji, me ya ce?" Ya ce: "Bai ce kome ba. Ya daɗe yana kallon takardar, ya sa a aljihu, ya ɗauki garwarsa."

Kwana uku ina juya igiyar nan. Ko gori ne, yana tuna mini turken da na bari babu kome? Ko kuwa wani abu ne daban? Na kasa barci. Inna ce ta ce: "Wanda ya yanke zumunci ba ya sayen igiya da kuɗinsa. Rataye ta."

Na rataye ta a ɗaki shekara biyu. Daminar 1988 ta yi kyau ƙwarai. Bayan an gama girbi, wata ranar da yamma, sai ga shi da ƴar jaka. Ya rame, kafaɗunsa sun yi kanta saboda sandar garwa. Ya gaida inna. Ya juyo ya ce: "Yaya, ina igiyata?" Na ɗauko. Ya ce ya tara jika goma sha biyu, in kawo abin da nake da shi. Na sayar da wake na cika. Ranar kasuwa muka tafi Dakoro tare, muka sayo karsana. Shi ya zaɓa, ni ban sa baki ba. Shi ya riƙe ƙarfen lalas kuma.

Zancen tsohuwar saniyar bai sake tasowa tsakaninmu ba, sai sau ɗaya. Muna zaune ya fito da katin daga cikin layar fata da ya sa aka ɗinka masa. Ya ce: "Wannan saniyar taka, ƙafa biyar gare ta." Na duba. Gaskiyarsa. Wutsiya ce na ja har ƙasa.

Tun daga nan kowace Sallah nakan yi kati goma ko goma sha biyar. Akwai shekarun da na sayar a dala biyar-biyar ga matan da mazansu ke cin rani a Kano ko Libiya. Wasu sukan kawo shaidar gidansu in sassaƙa musu. Yanzu salula ta zo, kowa na tura gaisuwa ta WhatsApp. Ba na ƙinta, ni ma ina jin muryar ɗiyata daga Agadas. Amma bara hoto iri ɗaya, na rago da wata, mutum biyar suka turo wa jikana, kuma babu wanda ya zana shi cikinsu.

Ƙanena ya rasu shekara tara ke nan, Allah ya jiƙansa. Layar tana wurin babban ɗansa. Shanun da suka fito daga karsanar nan yanzu goma sha ɗaya ne, har yau ba mu raba ba. Hatimin kuwa yana nan cikin gwangwani. Robar ta bushe ta tsattsage, ɗigon ya ɓalle ya ɓata. Idona bai ganin bakin reza yanzu. Na ba jikana wani tsohon takalmi, na zana masa shaidar a ƙasa da yatsa. Na gaya masa zancen dama da hagu sau biyu. Ya ce ya gane. Gobe zan aike shi ya aro madubin kakarsa.