Shekarar da Na Cire wa Akawal Takalmi

A gidanmu ba mu san ana sa wa doki takalmi ba. Dawakin mahaifina da kofatonsu suka yi hawan Sallah, da shi suka ci kasuwar Jibiya da ta Maraɗi suka dawo, rairayin hanya yana goge musu duk abin da ya tsiro. Sai da na je Kaduna aikin barga wajen masu ƙwallon dawaki na fara ganin an ɗaga ƙafar doki an kafa mata ƙarfe da ƙusa. Ranar farko har runtse ido na yi, ina jiran dokin ya zabura. Ko gezau bai yi ba, domin bangon kofato kamar farce ne, muddin ƙusa ba ta kauce ta taɓa tsoka ba. Mu Katsinawa ba baƙin wasan ƙwallon dawaki ba ne, tun zamanin Sarki Dikko ake yin sa, Sarki Usman Nagogo kuwa ya yi suna a kansa. Amma ni ɗan ƙauye ne, labari kawai nake ji.

Da zan bar aiki, maigidana ya ba ni wani akawal da ya gaji da fili. Shekarunsa da yawa cikin takalmi, duk mako 6 ko kusa da haka a cire, a yanke kofato, a mayar. A ƙauyenmu maƙera suna nan, amma garma da lauje suka sani. Na ɗauki awartaki na miƙe bakin ƙusoshin, na zare takalman huɗu kafin la'asar, na ce shi ke nan, ya koma dokin gida.

Washegari da na jawo shi, sai ya riƙa taka ƙasa kamar wanda aka ɗora bisa garwashi. A rairayi lafiya lau, da ya hau tsakuwa sai ya gajarta taku yana sunkuyar da kai. Baffana, wanda ya tsufa cikin dawaki, ya ɗaga ƙafar ya daɗe yana kallo. Ya danna tafin da babban yatsa, ya ce, "Ɗan nan, kai da ka yi shekaru da takalmin Kaduna, cire shi ka bi ni gona mu gani." Ya nuna mini yadda dunduniyar ta tsuke, da tsokar nan mai kusurwa uku da ke tsakiyar tafi, ta ƙanƙance ta shige ciki don ta daɗe ba ta taɓa ƙasa ba. Kofato mai lafiya yakan ɗan buɗe in doki ya ɗora nauyi, ya koma in ya ɗaga. Ƙarfe ya rage masa wannan motsi, ya kuma ɗage tafin daga ƙasa har ya yi laushi.

Ya ce in ba shi shekara. Na ji kamar wasa yake. Daga baya wani likitan dabbobi ya tabbatar mini da lissafin: kofato daga sama yake tsirowa, daga inda gashi ya ƙare, kuma a wata bai cika kai santimita 1 ba. Kafin sabo ya sauko har ƙasa sai an yi wata 9 zuwa 12.

Ban jira ba. Babbar Sallah ta zo bai fi wata 2 da cirewa ba, ni kuwa ina son a gan ni bisa dokin da ya fi na kowa tsayi. Na ɗaura sirdi na bi ayarin hakimi, rabin hanya marmara ce, rabi kwalta. Da muka dawo gefen kofaton ya ɓarɓashe daidai ramukan ƙusa, ƙafar gaba ta yi zafi kamar an fito da ita daga murhu. Kwana uku ya ƙi ɗora ta a ƙasa, sai da ruwan mugunya ya fashe ta saman dunduniya sannan ya samu sauƙi. Baffa bai yi mini faɗa ba. Shi ya riƙa zuwa da ruwan ɗumi da gishiri yana jiƙa ƙafar, ni ina riƙe da ragama, na rasa inda zan sa idona.

Daga nan na bi abin da ya ce. Na rage dawa, domin hatsi in ya yi yawa kofato yake fara tona asiri, ka ga zobe-zobe sun fito a bangonsa, wani lokaci ma ya kumbura daga ciki. Na ƙara harawa da ciyawa. Duk mako biyu zuwa uku in sa magagari in zagaye bakin kofaton don kada ya tsage, tafin kuwa ban yarda wuƙa ta taɓa shi ba, kaurinsa ake nema. Sai kilisa safe da yamma, a ja shi ba a hau ba, daga rairayi zuwa ƙasa mai tauri, tsakuwa sai can daga baya.

Babban aikin a turke yake, kuma nan ne mu masu dawakin gida muke da laifi. Mukan ɗaure doki wuni da kwana cikin fitsari da kashinsa, musamman da damina, har tsakiyar tafin ta ruɓe ta yi baƙi tana wari, sannan mu ce iska ce. Na share wurin, na zuba yashi, na kuma sauya masa turke duk lokacin da ƙasa ta jiƙe.

Kwanakin baya jikana ya nuna mini a waya cewa a gasar Olamfik ta Tokiyo, wadda aka yi a 2021, 'yan Suwidin sun ci zinare a tsallaken dawaki, biyu daga dawakinsu kuma ba takalmi. Ya ce abin ya zama yayi a Turai da Amurka. Na yi dariya na tuna Baffa. Sai dai ban zama abokin gaban takalmi ba. Dokin da kullum yake kan kwalta, kofatonsa na cinyewa fiye da yadda yake tsirowa, a sa masa ƙarfe ya fi a bar shi yana ɗingishi don a burge mutane.

Akawal dai, Sallah ta sake kewayowa yana turke, ban hau shi ba. Na riƙa duba wani layi a bangon kofatonsa, inda sabon tsiro ya haɗu da tsoho, yana saukowa wata bayan wata. Ranar da magagari ya cinye layin, na ja shi muka hau marmarar nan da ta kayar da mu. Ya wuce da cikakken taku, kunnuwansa a gaba. Baffa yana zaune ƙofar zaure, bai ko ɗago ba, sautin takun kawai ya saurara, ya ce, "To, kawo sirdi."