Katin Asibiti Ba Na Ma'aikata Kaɗai Ba Ne

Jama'ar zango, shekara 20 ke nan ina koyarwa, kuma duk damina sai na ga kujerun aji babu kowa, zazzaɓi ya kwantar da yara, iyaye suna gudun kuɗin asibiti. Da yawanmu mun ɗauka inshorar lafiya ta NHIS, wadda Gana ta kafa a 2003, ta ma'aikatan gwamnati ce. Ko kusa! Duk mazaunin ƙasar nan yana da haƙƙi. An yafe kuɗin shekara ga mai juna biyu, da yaron da bai kai 18 ba, da dattijon da ya cika 70. Yaro da dattijo ɗan kuɗin rajista kawai za su biya. Amma kati yakan mutu. Mu sabunta shi duk shekara ta waya, *929#, tun ana lafiya. Allah ya tsare mana zuriya.