Hannun da ya lallashi dutse a Masar

Mu mutanen Jos ba baƙin dutse ba ne. Ka fito daga Katako ka nufi Riyom ko tsaunukan Shere, dutse ne a kan dutse. Sai dai yawanci abin da muke yi da shi bai wuce a fasa a yi tsakuwar gini ba. A gidan adana kayan tarihi na dandalin Tahrir a Alƙahira, wanda aka buɗe a 1902, na ga inda aka zauna aka lallashe shi.

Wanda ya riƙe ni shi ne mutum-mutumin Fir'auna Kafre, mai dala ta biyu a Giza. Ya haura shekara 4,500. Idan ka tsaya a gabansa, sarki kawai za ka gani a kan karaga, ya dunƙule hannun dama a cinya. Sai ka zaga gefe tukuna ka tarar da shaho a ƙeyarsa, ya buɗe fukafukai ya rungume masa kai. Horas ke nan, abin bautarsu mai tsaron sarauta. Sarki da tsuntsu da karagar duk dutse guda ne, mai duhu, mai jijiyoyi farare. Daga hamadar kudu, wajajen Abu Simbel, aka jawo shi zuwa Kogin Nilu aka ɗora a jirgi. A 1860 Auguste Mariette ya tono shi daga wani rami a haikalin sarkin.

Wani dattijo Bakano da muke tare ya ga na ƙi gaba, ya ce, "Ɗana, gumaka ne fa." Na ce, "Haka ne, Baba. Ba su ji, ba su gani. Aikin nake kallo." Ya gyara tabarau, shi ma ya matso.

Aikin kuwa abin a tsaya ne, don a zamanin babu kayan aiki na baƙin ƙarfe. Da curin wani dutse mai tauri suke dandaƙa, su yanka da zarton jan ƙarfe suna zuba yashi, yashin ne ke ci, sannan su goge har ya ɗauki sheƙi. Duk wanda ya ga kafinta a kasuwar Katako ya wuni yana bin katakon maɗaci da sanfefa, sai ya ƙiyasta watannin da kafaɗar Kafre ta ci.

Nan kusa akwai sassaƙe-sassaƙen Fir'auna Menkaure, waɗanda George Reisner ya haƙo a 1908: sarki a tsakiya, a damarsa abar bautarsu Hator da faifan rana tsakanin ƙahonin saniya. Ta cikin rigarta ta dutse kana ganin gwiwa.

A Karnak, kusa da Luksor, abar bautarsu Sekmet ce ta cika wuri. Fir'auna Amenhoteb na Uku ya sa an sassaƙa ɗaruruwanta da baƙin dutse, kan zakanya, jikin mace. Na daɗe ina neman inda dabba ta ƙare mutum ya fara, ban samu ba. Masassaƙin ya sauko da gashin kai bisa kafaɗu ya rufe mahaɗar, ido ya karɓa babu gardama. A ganina gwanintarsu ta fi fitowa a nan fiye da a girman dala.

Mu ma muna da namu. Kawunan yumɓu na Nok suna nan a gidan tarihin Jos da Bernard Fagg ya kafa a 1952, kuma ba na ƙasƙantar da su ko kaɗan. Amma yumɓu yana yafiya, in ka rage kana iya ƙarawa. Dutse ba ya yi. A mahaƙar Aswan akwai wani dogon ginshiƙi kwance, kusan mita 42, nauyinsa ya haura tan 1,000. Sun dandaƙe gefunansa, har yanzu ana ganin guraben bugun a jere a cikin ramin. Ana cikin aiki ya tsage, suka bar shi manne da uwar dutsen.