Kuɗin Cizo Da Kuɗin Feshi

Akwai ƙwarin da maigida kan ambata a majalisa ba tare da jin nauyi ba, akwai kuma waɗanda ko amininsa ba ya so ya ji su a bakinsa. Sauro na kowa ne. Gara ma jaje ake yi wa mutum a kanta, domin ba ta bar azarar gidan sarki ba balle ta talaka. Amma kuɗin cizo an ɗauke shi alamar ƙazanta, alhali kuwa shi ba datti yake ci ba, jini yake sha, kuma jinin mai tsabta da na ƙazami duk ɗaya ne a wurinsa. Wannan kunya ce ta kusa jawo wa wani malamin makaranta, mazaunin cikin birnin Kano, rashin da ba a mayar da shi.

A bazarar 2022 ɗansa ya dawo hutu daga makarantar kwana da katifa da akwati, ashe da baƙi ya zo. Kafin wata biyu sun cika ɗakuna uku. Da ɗaki ne ke yoyo, da Malam ya tambayi maƙwabta ina magini na ƙwarai yake. Amma a kan wannan sai ya hana iyalinsa faɗa wa kowa. Ran nan da hantsi wani saurayi ya bi ta lungun da tankin feshi a baya, yana cigiyar aiki. Malam ya yafito shi cikin zaure, suka yi ciniki a gurguje, kuɗin kuwa bai kai na cefanen yini biyu ba. Saurayin ya zaro wata gorar lemo marar takarda a jiki, ya tsiyaya abin da ke ciki, ya haɗa da kananzir, ya bi katifu da matasan kai da bango, har madafa bai bari ba. Ya ce bayan sa'a guda kowa ya koma ɗakinsa, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Kafin magariba kaji biyu suka mutu a tsakar gida, aka ce ko masassarar kaji ce. Can cikin dare jikar Malam, 'yar wata bakwai, ta soma dalalar da yawu, gumi na keto mata, numfashinta na sarƙewa. Mata suka ɗauko manja za su ɗura mata, Allah ya sa uwargida ta ce a tafi asibiti tukuna. Likita ya duba idon yarinya, ya ɗago ya ce, "Malam, wane magani aka fesa a gidan?" Malam ya yi shiru. Bai san sunan maganin ba, bai san sunan wanda ya fesa ba, bai san unguwarsu ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana koya wa yara cewa matambayi ba ya ɓata, ga shi ya buɗe wa baƙo ɗakin barcin iyalinsa ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Yarinya ta kwana uku a asibiti, Allah ya ba ta lafiya. Kuɗin cizo kuwa, bayan mako biyu suka dawo kamar an yi musu gayya.

Sa'an nan ne Malam ya ajiye kunya, ya tafi wurin wani dattijo abokin mahaifinsa, tsohon dubagari, ya kwashe labari ya gaya masa. Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ya dai bayyana masa cewa alamun da yarinyar ta nuna irin na gubar da ke cikin ota-piya-piya ne da danginta, watau sinadarin daikulobos, wanda yakan shiga jiki ta numfashi da ta fata, ba sai an sha ba. Saboda yawan ɓarnar da ake yi da shi, a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da magungunan gona masu ɗauke da shi, irin su Sniper, a kasuwanni da kantunan kayan masarufi. Manja ko madara ba sa karya shi, sai dai su jawo amai ya koma huhu. Ya kuma gargaɗe shi game da ƙwayar nan da ake sa wa cikin buhun wake. Wasu masu feshi kan jefa ta ƙarƙashin gado su ce a rufe ɗaki, alhali iskar da take fitarwa tana ratsa kafar bango zuwa ɗakin da ke kusa, ta kashe mutane cikin barci, kuma ba ta da makari.

Malam ya ce, "To Baba, yaya mutum zai gane na gari?" Dattijon ya ce akwai takarda, domin tun 2002 doka ta kafa majalisar da ke yi wa dubagari rajista, wadda yanzu ake kira EHCON, ita ce kuma ke ba masu wannan sana'a lasisi. "Ka nemi ya nuna maka. Amma takarda ana aronta, Malam. Ka saurari abin da zai tambaye ka. Wanda bai tambaye ka kome ba, kuɗinka kaɗai ya gani."

Mutum uku Malam ya gwada. Na farko yana da rigar aiki mai tambari da kati mai ƙyalli, amma ta waya ya yanka farashi tun bai ga gidan ba, ya kuma rantse cewa feshi ɗaya ya isa har abada. Na biyu, da ya ji abin da ya faru da jaririya, sai ya ce shi ba ya amfani da ruwa, ƙwaya yake sa wa. Malam ya raka shi har ƙofa ya yi masa godiya.

Na ukun dattijon ne ya aiko shi, wani mutum marar yawan magana a kan tsohon babur. Ranar farko ko tanki bai kawo ba, sai tocila. Ya ɗaga katifu ya bi ɗinkinsu, ya leƙa mahaɗar katakon gado da tsagar bango da bayan hotuna, ya nuna wa Malam baƙaƙen ɗigon kashin ƙwarin da fararen ƙwayayensu. Bayan haka ya shiga tambaya: wa ke kwana a kowane ɗaki, ko akwai mai ciki, ko mai ciwon fuka, ina randa, ina rijiya, ina ake ajiye hatsi. Da ya ji mahaifiyar Malam tana da fuka, ya ce lalle ita da jaririya su kwana biyu a wani gida. Katifar yarinya ba zai fesa ba ko da an biya shi. Zannuwa da tufafi a zuba musu tafasasshen ruwa, a shanya a rana mai zafi, a kuma lishe tsagar bango. Daɗin daɗawa, ya faɗa tun da wuri cewa sai ya dawo bayan mako biyu, domin magani bai cika kashe ƙwan ba, shi kuwa yakan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 6 zuwa 10. Kuɗinsa ya ninka na saurayin farko sau huɗu, rabi a ba shi yanzu, rabi bayan zuwa na biyu. Araha dai ba ta ado, Malam ya riga ya biya kuɗin wannan karatu a asibiti.

Duk da haka wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Malam ya ce a ba shi gidajen da aka yi wa aiki ya je ya ji da kunnensa. Mutumin ya ce sai ya nemi izinin masu gidajen, abin da ya ƙara masa daraja a idon Malam. Kashegari ya kawo sunan gida biyu. Ɗaya daga ciki na wani ɗan kasuwa ne da suke sahu ɗaya a masallaci shekara da shekaru. Da Malam ya faɗi abin da ke tafe da shi, suka dubi juna suka yi ta dariya, domin shi ma wata shida ya yi yana ɓoye nasa.

Ranar aiki aka ɓalle murfin kwalba a gaban Malam. Ya karanta sunan maganin da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa, ya kwafe su a littafinsa tare da sunan mutumin da adireshin shagonsa. Mai feshi ya sa safar hannu da takunkumi, aka fitar da abinci da kwanuka, aka rufe randa. Da yamma aka buɗe tagogi, aka goge daɓe kafin kowa ya shiga. Bayan mako biyu ya dawo kamar yadda ya ce, ya sake bin gidan da tocilarsa kafin ya fesa, ya karɓi cikon kuɗinsa.

Bayan kamar wata uku, wani dare an idar da sallar lisha, wani maƙwabci ya ja Malam gefe, ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce wai wani ɗan'uwansa ne ke da wata 'yar matsala a ɗakinsa. Malam bai tambaye shi ko wane ɗan'uwa ba ne. Ya ce ya jira shi a zaure, ya shiga gida ya ɗauko littafin.