Sallar Gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda aka haifa a cikin ganuwa ya san irin kallon da 'yan birni ke yi wa na waje. Da aka ce gidan mijina a Gyaɗi-Gyaɗi yake, wata gwaggona ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! A rasa inda za a kai yarinya sai ƙauye?" Farkon shekarun 1980 ke nan, kuma ba ta yi ƙarya sosai ba. In ka bar titin Zariya ka kutsa ciki, gidajen jefi-jefi suke, tsakaninsu kangwaye da filayen da ake ɗan yafa masara da damina. Asibitin Malam Aminu Kano bai zo ba tukuna, sai 1988 aka kafa shi. In dare ya tsala iska ta kaɗo, har gurnanin zakin Gidan Zoo mukan ji, ni kuwa in ƙara jan mayafi.

A gidanmu na birni sallah ba ta neman shawarar kowa. Kowa ya san wadda ke tuƙa tuwo, da wadda ke haɗa miya, da ɗakin da ake fara shiga gaisuwa, tun kafin a haife mu aka gama tsara wannan. Sai ga ni a gidan da daga ni sai Malam, ba kaka, ba kishiyar uwa, ba wanda zai ce ga yadda ake yi. Ana jibi sallah Innata ta aiko ƙanena da shinkafar tuwo da kabewa da tantaƙwashi, da saƙo guda: tuwon sallah ba a yin sa kaɗan. Ranar sallah na ɗora babbar tukunyar da aka kawo ni da ita tun kafin kiran assalatu. Ƙamshin miyar taushe da man shanu ya cika tsakar gida, ga kuma tuwo malmala-malmala ba masu ci.

Haka aka fara rabo. Na jera kwanonin samira, na kira yaran maƙwabta. Unguwar kuwa ta ma'aikata ce, kowa da inda ya fito. Akwai wata Bayarabiya a bayanmu, da matar wani malamin makaranta 'yar Maiduguri, da wata tsohuwa Bafillatana da ba ta cika magana ba. Kwano ba ya dawowa wayam. Na Bayarabiya ya dawo da shinkafa da miya mai yajin da ya sa Malam hawaye, na 'yar Maiduguri da ɗan ƙullin turaren wuta a saman murfi, na tsohuwa da nono mai kauri. Shekara na zagayowa sai ga yaran sun zo da kansu suna tambaya ko tuwo ya nuna. Shi ke nan, ya zama dole.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne maganar gidan da za a fara zuwa. Ranar idi ta iyayen miji ce, wannan ba gardama. Amma ni fa? A lokacin amarya ba ta buɗe baki ta ce tana son zuwa gida, sai dai a gani a fuska. Malam ya gani. Washegari, ranar hawan Daushe, ya goge Vespa ɗinsa ya ce, "Tashi ki shirya. Yau Sarki ma Babban Ɗaki za shi gaida mahaifiyarsa, wane ni in hana ki gaida taki?" Tun daga ranar, Daushe ta zama tawa. Mu ci abincin rana a gaban Inna, la'asar na yi maza su kwashi yara a tafi neman wajen tsayuwa.

Wanda ya ga hawan Daushe a zamanin marigayi Sarki Ado Bayero ya san abin da nake nufi. Kafin ka hango lema, ƙarar bindigogi ta riga ta iso, ƙaurin albarushi ya gauraya da ƙura da kashin doki. Ga kakaki, ga algaita, ga dogarai cikin ja da kore suna kora mutane baya. Yaro yana bisa wuyan ubansa, ya toshe kunne da hannu biyu amma ya ƙi a sauke shi. Da magariba a dawo da su fututu, hula ta ɓace, takalmi wari guda a hannu, murya ta dushe. Kwana na uku hawan Nasarawa, ya fi kusa da mu, maza kaɗai ke zuwa. Na huɗu kuma na Gidan Zoo ne, da ƙafa ake tafiya, a dawo da baki ja saboda ƙanƙarar leda.

Kayan sallah kuwa, bari in faɗi gaskiyarsu. Da yara suka fara yawa, albashin Malam bai yawaita tare da su ba. Sai ya zamana turmin atamfa ɗaya yake sayowa a Kantin Kwari a yanka wa mata duka, maza kuma yadi ɗaya a raba. Rahusa ce kawai muka bi. Amma yaran suka tashi da yaƙinin cewa anko dokar gidanmu ce. Daren sallah ka gan su sun yi wa tela zaman dirshan, shi kuma yana taka keke yana rantsuwa saura maɓalli kawai. Mata a gida an ɗaure ƙafa da lalle cikin leda da tsumma, ana tafiya da dunduniya, kai na zafi da sabon kitso, ana soya cincin da dubulan ana korar masu ɗauka tun da zafinsa.

A lokacin goron sallah sule ne ko sisi. Malam kan tara sababbin kwabbai tun cikin azumi a wani gwangwanin madara, in an sauko idi ya zauna a bakin zaure, yara su durƙusa ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Wanda aka ba takardar sule biyar a gidan kawu, ranar ba ya jin kira. Murtala kuwa, naira ashirin, sai dai yaro ya gan ta a hannun manya. Da dare su kawo mini ajiya, kuma har yau akwai mai bi na bashin ajiyar nan in an zauna hira.

Babbar sallah ta fi hayaƙi. Malam ya je 'Yan Awaki ta Unguwa Uku da babban ɗanmu, su jawo rago da ƙafa, yaran layi na biye. Bayan yanka, hanta ake fara gasawa, kowa ya samu ɗan yanki. Kayan ciki a soya ranar, gangar jiki a rataye ta kwana ta sha iska, washegari a kafa kasko tun safe. Cinya guda ta gidan Inna ce, Malam da kansa yake kaiwa. Wutsiya kuma a shafe ta da gishiri a busar, a adana sai daren cika-ciki a Muharram. Wannan daga gidan su Malam na koya, uwar mijina ce ta nuna mini inda ake rataye ta don kada kyanwa ta kai.

Yanzu shataletalen Dangi ya zama gada bisa gada, kangwayen duk sun zama benaye da shaguna, ko zakin ya yi gurnani ƙarar janareta da Adaidaita Sahu ba za ta bari a ji ba. Sarki Ado ya rasu a 2014. A 2020 korona ta hana hawa, jikokina suka wuni cikin sababbin kaya ba inda suka je. Na ji a rediyo cewa a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin abubuwan gadon duniya, na yi murna, sai dai waɗanda za su fi ni murna yawancinsu suna ƙasa. Inna ta tafi, Malam ya bi ta, Allah ya jiƙansu. Bayarabiya ta koma garinsu. Goron sallah ya koma ta waya, sai ka ji ƙit, an ce kuɗi sun shigo, ba durƙuso ba gwangwani.

Amma 'yata da ke aure a Abuja, duk ƙaramar sallah sai ta tuƙa tuwo ta bi ƙofofin maƙwabtan da ko sunansu ba ta gama sani ba. Matar autana 'yar Zariya ce, ta zo da nata, waina take yi da safiyar idi, kuma ta ƙara da wani kek da yara suka fi so a kan dubulan ɗina. Ban ce komai ba, wainar tata da daɗi. Bara ina daga ɗaki na ji autan yana yi mata bayani a kan anko, da murya irin ta masu gida.

"Haka ake yi a gidanmu tun kaka da kakanni."

Ta leƙo ta ce, "Umma, wai haka ne?"

Na ce mata haka ne, ta je Kwari da wuri kafin atamfa ta yi tsada.