Maganin Ƙarin Jini

Ni Eggon ce, a Bukan Sidi na koyi Hausa, a bakin matan unguwa. Duk ƙwayar da aka ba su wajen awo, sunanta ɗaya, "maganin ƙarin jini". Sunan bai yi ƙarya ba, don binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami ƙarancin jini a kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49. Sai dai ya ɓoye wani aikin folik asid. Cikin kwana 28 na farkon ciki ake buƙatarsa, lokacin da mafarin ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tayi ke haɗuwa. Mu kuwa, saboda kunya, ba ma zuwa awo sai ciki ya fito. Shi ya sa da yayata za ta yi aure, "maganin kafin ciki" na kira mata shi.